Sanƙarau: wa ke riƙe da lissafin?

Da zarar hunturu ya kankama, iska ta fara kwaso ƙura daga arewa maso gabas, sai hankalin iyaye ya tashi tun daga Doso har Difa, domin kowa ya san abin da ke biyo bayan ƙurar. Yaro ya kwana lafiya, ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, haske ya dame shi, wani lokaci kafin rana ta sake fitowa an yi masa sutura. Daga watan Disamba zuwa na Yuni, har saukar ruwan farko, sanƙarau yana yawo a ƙasar nan kamar yadda ya saba tun zamanin kakanni. Tambayar da ta kamata a yi wa hukuma bana, kamar kowace shekara, ita ce: mutum nawa ya kama, a wane gari, wace irin ƙwayar cuta ce, kuma a hannun wa wannan lissafi yake?

Wani zai ɗauki wannan tambaya a matsayin surutun ƴan boko. Mai majinyaci magani yake nema, takarda ba ta dame shi ba, kuma yana da gaskiyarsa. Amma maganin da ake yi wa ɗansa yau, da allurar rigakafin da aka yi wa maƙwabtansa bara, duk daga takarda suka samo asali: takardar da wani majo ya cika a wata likitar karkara shekaru da suka wuce, tare da ɗan ruwan da ya ɗiba daga bayan wani majinyaci ya aika Yamai. Tattara irin wannan bayani aiki ne na ƙasa, daidai da ƙidayar jama'a da tsaron iyaka. Ƙasar da ta bar shi kacokan a hannun masu ba da agaji ta yarda ke nan wasu su riƙa gane mata hanya.

Abin da ake tattarawa

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwayoyin cuta da dama ke haddasa shi, amma uku ne suka fi ɓarna a yankin Sahel: menengokok, wanda shi ne uban annoba, sai numokok, sai wadda ake kira Hib. Shi menengokok jinsi-jinsi ne, an raɗa musu sunayen haruffa. Shida daga ciki, wato A da B da C da W da X da Y, su ke kawo yawancin ciwon a duniya. Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ainun, saboda allurar da aka haɗa domin jinsi ɗaya ba ta kare mutum daga wani. Idon likita kuwa, komai ƙwarewarsa, ba ya bambance su a jikin majinyaci. Zazzaɓin cizon sauro ma in ya hau kai yakan zo da jijjiga da suma irin na sanƙarau, ga kuma ƙwayar tarin fuka da kan kama tantanin ƙwaƙwalwa sannu a hankali.

Hanyar rarrabewa ita ce a kwantar da majinyaci a gefe, a lanƙwasa bayansa, a soka siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu, ƙasa da inda laka ta ƙare, a ɗibi ruwa kaɗan. Ruwan bayan mai lafiya garau yake kamar ruwan sha, na mai sanƙarau yakan fito gurɓatacce. Abin da aka ɗiba bai taka kara ya karya ba, jiki yana mayar da shi a ranar.

Ruwan shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da takardar bayani: shekarun majinyaci, namiji ne ko mace, garinsu ko unguwarsu, ranar da ciwon ya fara, ranar da aka kawo shi, ko an taɓa yi masa allurar rigakafi kuma wace iri, ko ya sha wani magani kafin zuwansa, daga ƙarshe kuma ya warke ne ko ya rasu. Lamba ɗaya ake rubutawa a kan takardar da kan kwalbar, domin in sun isa ɗakin gwaji a san wanne ne na wa. Kwalba ba takarda ruwa ne kawai, ba a san daga inda ya fito ba. Takarda ba kwalba kuwa zato ne. Sannan akwai hanya. Menengokok ƙwaya ce mai saurin mutuwa a wajen jiki: wanda ake son a raya a gani da rai, ko dai a kai shi ɗakin gwaji cikin awa guda, ko a zuba shi a wata kwalba ta musamman da ba a sa ta cikin firiji, wanda za a yi wa gwajin PCR shi kuma sanyi yake so. Ma'aikacin da ya rikita waɗannan biyu ya ɓata wahalar kowa.

Bayan haka, kowace likita tana aika rahoton mako zuwa gunduma, ko da kuwa ba ta ga majinyaci ko ɗaya ba, domin sifili ma labari ne. Da wannan rahoto ake auna hatsari. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sabunta a 2014, a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka samu majinyata 3 cikin kowane mutum 100,000 a mako ɗaya, an shiga matakin faɗakarwa; in suka kai 10, annoba ce. Allurar gayya tana amfani sosai in an yi ta cikin makonni huɗu bayan ƙetare wannan iyaka. Mai karatu ya lissafa da kansa: majo biyu ko uku suka jinkirta rahotonsu da mako biyu, rabin wa'adin ya tafi kafin Yamai ta ji labari.

Abin da lissafi ya riga ya saya wa ƙasa

Tarihin yaƙi da sanƙarau a Afirka tarihin rajista ne. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya tattara alƙaluman da gidajen likita suka ajiye shekara da shekaru, ya zana taswirar yankin da annobar ke maimaituwa, wanda a yau aka sani ya taso daga Sanagal ya dangana da Habasha, ya ratsa ƙasashe 26. Nijar tana tsakiyarsa. Don haka ne a ƙarshen shekarun 1970 aka kafa cibiyar CERMES a Yamai domin binciken sanƙarau da tsargiya.

Waɗanda suka ga 1995 ba su manta ba. Shekara guda bayan karya darajar sefa, kuɗin magani ya haura, baitulmali ya bushe, manyan ƙasa suna can suna jayayyar iko tsakanin fadar shugaban ƙasa da ofishin firaminista, sanƙarau ya kama fiye da mutum dubu ashirin da biyar. A 1996 annobar ta game yankin baki ɗaya: sama da mutum 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu, akasari a arewacin Najeriya da Burkina Faso da Nijar da Mali. Bayan wannan masifa, a farkon 1997, aka kafa rumbun allurar gaggawa na duniya, kuma ƙa'idarsa tun daga lokacin ba ta canja ba: ƙasar da ke neman allura sai ta nuna alƙalumanta na mako-mako, ta kuma nuna sakamakon ɗakin gwaji da ke faɗin jinsin da ke yawo. Wanda ba shi da hujja yakan jira, jama'arsa na mutuwa.

A wancan zamani jinsin A ne sarki, kuma an saba da shi. Amma a 2000 da 2001 jinsin W ya ɓulla tsakanin alhazai a Saudiyya, a 2002 ya yi babbar ɓarna a Burkina Faso, alhali allurar da ke hannu ta A da C ce. Daga 2002 CERMES ta fara amfani da gwajin PCR, wanda ke gano sawun ƙwayar cuta ko da ta mutu a hanya. Wannan ya sa ruwan da aka ɗiba a Magarya ko Madawa ya zama mai amfani ko da ya yi kwanaki kafin ya isa Yamai. Amfanin haka ya bayyana a 2006. Tsakanin Janairu da Yuni na wannan shekara an ba da rahoton majinyata 4,185 a ƙasar nan, an gwada ruwan mutum 2,905, aka tabbatar da menengokok a jikin 1,139. Kashi 51 cikin ɗari na waɗannan jinsin X ne, a kudu maso yammacin ƙasa ma har kashi 90, jinsin da a lokacin babu allurarsa ko'ina a duniya, kuma masana da yawa ba su ɗauke shi abin tsoro ba. Da ba a ɗibi wannan ruwa ba, da an ci gaba da yi wa mutane allurar da ba ta shafi ciwonsu ba, ana mamakin yadda ba ta ci.

Allurar MenAfriVac, wadda aka ƙaddamar a watan Disamban 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, ita ma ƴar lissafi ce. Alƙaluman ƙasashen yankin ne suka nuna cewa jinsin A ke kawo mafi yawan annoba, kuma yara da matasa ya fi kamawa; saboda haka aka haɗa ta domin A, aka yi wa ƴan shekara 1 zuwa 29, a kan farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba, wani kamfanin Indiya mai suna Serum Institute ne ya sarrafa ta. Jinsin A ya ja baya har ya ɓace daga rahotanni. Tun bayan 2017 ba a sake tabbatar da shi a yankin ba. Wannan ma ba a san shi ba sai don an ci gaba da gwaji.

Sai dai kafin a gama murna, wani sabon nau'i na jinsin C ya ɓulla a jahar Sakkwato a 2013, ya ƙetaro iyaka. A 2015 ya kama fiye da mutum dubu takwas a Nijar, ya kashe sama da ɗari biyar, har aka rufe makarantun Yamai a watan Afrilu, iyaye suna layi a farmasi suna neman allurar da ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Shi ne kuma ya dawo jahar Damagaram a ƙarshen 2022: daga 1 ga Nuwamba zuwa 27 ga Janairun 2023 an ƙidaya majinyata 559, mutum 18 suka rasu. Daga cikin 559 ɗin nan, 111 ne aka tabbatar a ɗakin gwaji. A watan Yulin 2023 OMS ta amince da sabuwar allura mai kare mutum daga jinsi biyar, A da C da W da Y da X. Najeriya ta fara amfani da ita a Maris 2024, Nijar ta biyo baya a wannan shekara. Harafin X da ke jikin wannan kwalba, majinyatan Nijar na 2006 suna da babban rabo a cikinsa.

Haka abin yake a fannin magani. A 2003 an yi wani bincike a gidajen likita na ƙasar nan a kan majinyata kimanin ɗari biyar, aka gwada allurar seftiriyakzon da tsohuwar allurar kuloramfenikol mai mai, wadda samunta ya fara wuya. Aka ga sabuwar ba ta gaza tsohuwar ba, kuma a yau da ita ake dogaro lokacin annoba. A 2017, a gundumar Madarunfa ta jahar Maraɗi, ma'aikatar lafiya da cibiyar Epicentre da ƙungiyar MSF sun bi garuruwa 49 lokacin annoba, suka ga cewa inda aka raba wa gari duka ƙwayar sifurofulokzasin sau ɗaya, yawan masu kamuwa ya ragu da kimanin kashi 60 cikin ɗari, alhali ba da ita ga ƴan gidan majinyaci kaɗai bai kawo wani bambanci a gari ba. Talakawan Madarunfa ne suka koya wa duniya wannan darasi, da yardarsu da haƙurinsu.

Maganar amana

Ba za a yi adalci ba in aka yi shiru a kan dalilin da ya sa uba ke janye ɗansa in ya ga allurar baya. A cikin gari ana cewa tana gurguntar da yaro, wasu ma suna cewa ruwan sayar da shi ake yi. Gaskiyar magana ita ce ciwon ne ke gurguntarwa, kuma yawancin waɗanda ake yi wa allurar sun riga sun jigata. Amma tsoron bai faɗo daga sama ba.

A 1996, ana tsakiyar annoba, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a kan yara kimanin 200, rabi sabon maganin, rabi seftiriyakzon. Yara 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Daga baya aka gano cewa takardar amincewar da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama aikin, aka mayar da kwanan wata baya. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta kashe yaran, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Wannan labari yana cikin abubuwan da suka rura ƙin allurar shan inna a Kano a 2003 da 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Tsakanin Kano da Damagaram tafiyar yini ce ba ta cika ba, kuma labari ya fi mota sauri.

Nijar ma tana da nata tabon. A 1995 an karɓi gudummawar allurar rigakafi dubu 88 daga Najeriya, ɗauke da tambarin manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan MSF ne suka lura ba ta narkewa yadda ya kamata, da aka auna sai aka tarar jabu ce, bayan an riga an yi wa dubun-dubatar mutane. A 2015 da 2017 da 2019 OMS ta sake fitar da gargaɗi a kan jabun allurar sanƙarau da aka kama a ƙasar nan. A nan ma rubutu ne garkuwa: lambar kwalbar da aka rubuta a katin rigakafi ita ce ke ba da damar bin sawu a gano daga inda ɓarna ta fito.

Darasin a fili yake. Wajibi ne a bambance abu biyu, a kuma bayyana wa jama'a bambancin da harshensu. Ɗibar ruwa domin a san ciwon majinyaci da sanar da hukuma wani ɓangare ne na jinya da kare lafiyar jama'a. Bincike kuwa, wato gwada sabon magani, ko ajiye ruwa da jini domin wani nazari na gaba, ko fitar da su ƙasar waje, yana bukatar izinin kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, da kuma yardar majinyaci ko waliyyinsa. Yarda ba ita ce dangwala yatsa a ƙasan takardar Faransanci ba. Uwar da ba ta yi lakwal ba, ɗanta na jijjiga a hannunta, za ta dangwala wa duk abin da aka miƙo mata. Sai an yi mata bayani da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, a gaban shaida, an tabbatar mata cewa ko ta ƙi za a yi wa ɗanta magani daidai da na kowa, sannan yardarta ta zama yarda.

Sirri ma haka. Tun 2017 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane, an kuma kafa hukumar HAPDP domin ta. Takardar majinyaci tana cikin mafi tsananin abin da wannan doka ta shafa, musamman yanzu da bayanai ke tafiya ta salula da kwamfuta. Mai bincike yana bukatar shekaru da gari da sakamako, ba ya bukatar suna. Yarinyar da sanƙarau ya bar ta da farfaɗiya, in takardarta ta yi yawo a gari, aurenta ne zai mutu tun ba a ɗaura ba.

Wa ke biya, wa ke mallaka

Tun 2014 Nijar ta shiga wani tsari mai suna MenAfriNet tare da Burkina Faso da Mali da Togo, daga baya Cadi, domin bin majinyata ɗaya bayan ɗaya da takarda da gwaji. Tsari ne mai kyau, ya kuma yi amfani, amma da kuɗin waje aka kafa shi. Shekarun baya-bayan nan sun nuna inda dogaro da waje ke kai mutum. Takunkumin CEDEAO na 2023 ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, firiji da ɗakin gwaji kuwa ba su san siyasa ba. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, ayyukan lafiya da dama a Afirka suka tsaya cak. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A wannan zamani da kalmar ƴancin kai take bakin kowa, ya kamata a auna ta da wannan ma'auni mai sauƙi: shin kwalbar da aka cika a Dungas za ta iya isa Yamai da kuɗin baitulmali?

Abin da ake bukata ba gini ba ne mai hawa goma. Allurai ne na ɗibar ruwa, da kwalabe, da safar hannu, da takardu, da esansin moto daga likita zuwa gunduma, da kuɗin mota daga gunduma zuwa jaha, da sinadaran gwaji, da wutar rana ga firiji, da horar da majo-majo kafin kowane hunturu. A ware wa waɗannan layi nasu a kasafin kuɗin ma'aikatar lafiya, a saki kuɗin tun watan Oktoba, domin kuɗin da aka saki a Afrilu na makoki ne. A ƙarfafa ɗakunan gwaji na Maraɗi da Damagaram da Tawa, don kada kowace kwalba sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin a san abin da ke cikinta. Kuma duk wata yarjejeniya da jami'o'i da cibiyoyin waje ta fayyace cewa rumbun bayanan na Nijar ne, kwafinsa cikakke yana ƙasa, masu binciken ƙasa suna cikin masu nazari da masu rubutu, ba masu ɗaukar kwalba kawai ba.

Sakamako kuma ya riƙa komawa inda ya fito. Majon da ya tsaya da dare yana ɗibar ruwa da hasken tocila, ya aika, bai sake jin labari ba, ba zai daɗe yana wannan wahala ba. Haƙƙinsa ne ya san abin da aka gani, haƙƙin iyalin majinyaci ne a gaya musu. Haƙƙin jama'a ne kuma a buga alƙaluman mako-mako, gunduma bayan gunduma, a karanta su a gidajen rediyo da harsunan ƙasa. Jami'in da ke ganin yawan majinyata abin kunya ne ga yankinsa, har ya so a rage lissafi, ya tuna ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Wanda ya kamata a tuhuma shi ne wanda gundumarsa ta yi shiru, ba wanda ya faɗi gaskiya da wuri ba.

Waɗanda lissafi ya manta

Akwai wani gurbi babba a rajista. A ƙiyasin OMS, cikin masu kamuwa da sanƙarau irin na ƙwayar bakteriya, mutum ɗaya cikin shida yakan rasu, ɗaya cikin biyar kuma yakan tashi da lahani mai ɗorewa: kurumta, farfaɗiya, shanyewar hannu ko ƙafa, raunin gani, wahalar koyon karatu. Takardar majinyaci takan ƙare ne a kalmar “ya warke”, ranar da aka sallame shi. Daga nan yaron ya koma gida ba ya ji, malamin lakwal ya ɗauke shi daƙiƙi, iyaye su shiga neman maganin iska. Taswirar kawar da sanƙarau nan da 2030, wadda babban taron lafiya na duniya ya amince da ita a Nuwamban 2020, ta sa kula da waɗannan mutane cikin ginshiƙanta, tare da burin kawar da annoba, da rage masu kamuwa da rabi, da rage mace-mace da kashi 70 cikin ɗari. Ba yadda za a yi a kula da wanda ba a ƙidaya ba. A ƙara wa takardar layi ɗaya: a duba majinyaci kafin sallama, a sake duba shi bayan wata guda, a gwada jinsa, a rubuta abin da aka gani.

Rabon kowa

Ƴan kasuwa suna da hannu a wannan aiki fiye da yadda suke zato. Hanyoyin da kaya ke bi, daga Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, daga Magarya zuwa Daura da Kano, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela da Sakkwato, su ne ƙwayar cuta ke bi, a maƙogwaron mutanen da su kansu lafiyarsu lau. Annoba ɗaya tana tsayar da ciniki fiye da kowane haraji. Kamfanonin sufuri da motocinsu ke zuwa Yamai kowace safiya suna iya ɗaukar akwatin gwaji a rufe bisa yarjejeniya da ma'aikatar lafiya, kuma attajirin da ke neman sadaka mai gudana ya dubi firijin likitar garinsu. Masu sayar da magani a tebur kuwa su ji tsoron Allah: kafson da aka ba mai sanƙarau a gida yana cinye lokacin da ransa ya rataya a kai, yana kuma ɓata gwajin da za a yi masa daga baya.

Ma'aikacin gwamnati, daga majo har darakta, ya riƙe cewa takardar da ke gabansa amana ce, a cika ta daidai, a aika ta kan lokaci. Sarakuna da limamai, waɗanda ake nema ranar allurar gayya, a neme su tun kafin nan, a yi musu bayanin allurar baya, domin maganarsu ce uba ke saurara. Iyaye kuma, in yaro ya tashi da zazzaɓi da sanƙarar wuya, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, a kai shi likita a ranar, kuma in an nemi ɗibar ruwa a tambayi dalili, a ji bayani, a bari a ɗiba.

Nauyi mafi girma yana kan masu riƙe da ragamar ƙasa da masu tsara kasafin kuɗi. Shekarar 2030 ta ƙarato, jinsin C da W da X suna nan, numokok yana nan. Kafin ƙurar bana ta lafa, jama'a suna da haƙƙin a faɗa musu a fili majinyata nawa aka gani, nawa aka ɗibi ruwansu, kwana nawa kwalba ke yi a hanya, da kuma nawa baitulmali ya biya a ciki.